Yadda za ka koyi farin ciki da wadar zuci cikin Almasihu in rayuwa ta yi zafi

Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai tambayar da ake yawan yi mani bayan an tashi sujada ko in mun haɗu a gidan makoki, wai ta yaya mutum zai yi farin ciki cikin Ubangiji alhali tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya, ko maigida na kwance a asibiti, ko an kashe masa ɗa a gona. Wasu ma da ɓacin rai suke tambayar, don sun gaji da jin ana karanta masu ayar "ku yi farin ciki kullum" daga bakin wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma gaskiya na fahimce su sosai don ni ma na taɓa zama a wannan kujerar.

Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram suka shiga Mubi, ranar ce kuma suka afka wa hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi. Da kayan jikinmu kawai muka fita, ta daji, har Allah ya kai mu Yola, inda mu fiye da 20 muka cushe a ɗakuna biyu na wani kawunmu. Abin da ya fi tsaya mani a rai a zaman nan shi ne mamanmu, kullum da asuba sai ta tashi ta zauna a bakin ƙofa tana rera waƙoƙin sujada a hankali, babu littafin waƙa a hannunta don ya ƙone tare da gida, da ka take yi. Ni kuma abin yana ƙona mani rai, wata rana na kasa haƙuri na ce mata Mama wai me kike jin daɗinsa ne haka da kike waƙa. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai ban ce maka ina jin daɗi ba, cewa nake Allah yana nan." Shekaru na ɗauka kafin na gane abin da take nufi, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan maganar ya fito.

Toh mu fara da wurin da mutane suka fi yin tuntuɓe. A Filibiyawa 4:11-12 Bulus ya ce ya KOYI zama da wadar zuci a kowane hali, da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Koya ya yi. Abin da ake koya kuwa kamar ɗinki ne ko tuƙi, ba a haihuwar mutum da shi, ana yi ana kuskure ana sake gwadawa. Kuma ka tuna daga kurkuku ya rubuta wasiƙar nan, mutumin da a 2 Korintiyawa 11 ya lissafa cewa sau 5 aka yi masa bulala 39, sau 3 aka doke shi da sanduna, sau ɗaya aka jejjefe shi da duwatsu, sau 3 jirgin ruwa ya fashe da shi. Don haka in yau kana jin zuciyarka a bushe, waƙa ba ta shiga, addu'a kamar kana magana da bango, kar ka yanke wa kanka hukunci cewa bangaskiyarka ta mutu, ɗalibi ne kai da ke tsakiyar darasi mai wuya.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka daina ɓoye ciwon, musamman a gaban Allah. Mu a nan kowa ka gaishe shi sai ya ce lafiya lau, ko da daga makabarta ya dawo, ga kuma maganar nan da ake cusa wa yara maza wai namiji ba ya kuka. Yesu namiji ne kuma ya yi kuka a kabarin Li'azaru (Yohanna 11:35), duk da ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi. A Getsamani ya faɗa wa almajiransa a fili cewa ransa na shan wahala har kamar ya mutu. Buɗe Zabura 13 ka ga yadda Dauda yake ta tambayar Allah har yaushe, har yaushe, sau 4 a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ma ta fi haka, daga farko har ƙarshe kuka ne, da maganar duhu ta rufe, kuma Allah ya yarda aka bar ta cikin Littafinsa, ni kam wannan yana ƙarfafa ni fiye da wa'azi da yawa. Yadda za ka yi a aikace: ka samu wuri kai kaɗai, ko bayan ɗaki ne ko gona, ka karanta ɗaya daga cikin zaburan nan da murya, sannan ka ci gaba da naka kalmomin, ka ambaci abin da sunansa, kuɗin haya ne, rashin haihuwa ne, ɗan da ya shiga shaye-shaye ne, ka faɗa yadda yake. Bayan haka ka zaɓi mutum ɗaya tak mai riƙe sirri wanda shi ba za ka ce masa lafiya lau ba in ba lafiyar.

Sai kuma ka sauka daga kujerar alƙali. Da zarar masifa ta faɗo tambayar farko da ke zuwa ita ce wane zunubi na yi, ko waye ya yi mani. Almajirai sun yi wa Yesu irin tambayar a kan mutumin da aka haifa makaho, shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne ba kuma iyayensa ba (Yohanna 9:1-3). A Luka 13 ya kawo maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. In ka san akwai zunubin da kake ciki, ka tuba, wannan a fili yake. Amma kar ka zauna kana tono laifin da babu. A nan ne kuma nake so in ja kunne da ƙarfi, ku yi hankali da masu kiran kansu annabawa da za su ce maka ka kawo kuɗin shuka iri, ka sayi mai ko ruwa ko hankici kafin Allah ya ji ka, ko su nuna maka wata tsohuwa a danginku ko surukarka su ce ita ce mayyar. Na ga gidajen da wannan abu ya raba har yau ba sa ga maciji, mutum ya je da ciwo ɗaya ya dawo da uku, ga talaucin, ga bashin da ya ci don ya biya annabin, ga gaba da 'yan'uwansa. Alherin Allah ba na sayarwa ba ne.

Kula da jikinka, wannan ma aikin ruhaniya ne ko da ba a cika faɗa a kan bagade ba. Lokacin da Iliya ya gudu daga Yezebel ya kwanta ƙarƙashin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa (1 Sarakuna 19), mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ajiye masa ya ce tashi ka ci, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci, sai daga baya maganar Allah ta zo. Don haka ka ci abin da ya samu ko kunu ne, ka yi ƙoƙarin barci, in kana shan maganin hawan jini ko na suga kar ka ajiye shi da sunan azumi ko bangaskiya ba tare da ka yi magana da likita ba. In kuma ka ga makonni suna wucewa ba ka barci, ƙarar babur ko knockout na Kirsimeti na sa ka firgita kana rawar jiki, abin da ka gani yana ta dawo maka kamar yanzu yake faruwa, ko tunanin kashe kanka ya fara zuwa, toh ka faɗa wa wani yau ɗin nan kuma ku je asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna, kuma ikilisiyoyi irin su EYN sun yi ta shirya tarukan warkar da raunin zuciya ga waɗanda rikici ya shafa, zuwa wurin ba rashin bangaskiya ba ne kamar yadda ɗaurin karaya ba rashin bangaskiya ba ne. Matasa kuma don Allah tramol da burukutu ba sa kashe baƙin ciki, jinkirta shi kawai suke zuwa safiya su ƙara maka wani.

Yanzu ga inda na fi so in daɗe, wato yadda za ka rage rayuwa ta dawo kwana ɗaya. Yawancin nauyin da ke danne mu na wata shida masu zuwa ne, kuɗin makarantar zango mai zuwa, hayar da za ta ƙare a Disamba, ina za mu koma in abu kaza ya faru. A jeji manna ta kwana ɗaya Allah yake ba Isra'ilawa, wanda ya ɓoye ta gobe sai ta yi tsutsa ta yi wari, in ban da ranar jajibirin Asabar (Fitowa 16). Yesu ma abincin yau ya koya mana mu roƙa, ya kuma ce wahalar kowace rana ta ishe ta (Matiyu 6:34). Ba cewa ake kar ka yi shiri ba, ka ware lokacin shiri ka zauna da biro da takarda ka yi lissafinka da rana tsaka, amma ƙarfe biyun dare ba lokacin lissafi ba ne, babu bashin da aka taɓa biya a wannan lokacin.

Da safe kafin ka taɓa waya, minti 10 sun isa. Aya ɗaya, waƙa ɗaya, da abu uku da za ka gode wa Allah a kansu, kuma su zama ƙanana na gaske waɗanda za ka iya nunawa da yatsa, kamar ruwa ya zo a famfo, zazzaɓin yarinya ya sauka, maƙwabciya ta aiko da miya. Kar ka ce na gode don komai da komai, wannan ba ya taɓa zuciya. Makoki 3:22-23 da ke cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya, a tsakiyar littafin kukan rushewar Urushalima yake, mutumin da ke kallon kufai ne ya faɗe shi. Ka haddace ayoyin da waƙoƙin tun yanzu, don ranar gudu ba a tsayawa ɗaukar littafi, abin da ke cikin kai shi ke bin ka, mamanmu shaida ce. Waƙa kuma tana da wani abu da magana ba ta da shi, ranar da bakinka ya kasa haɗa addu'a waƙar da ka sani tun Sande Sukul za ta yi maka addu'ar. Bulus da Sila da tsakar dare suke waƙa a kurkukun Filibi, bayansu duk tabon duka, ƙafafunsu a turu, kuma a lokacin da suka fara waƙar ba su san girgizar ƙasa na zuwa ba (Ayyukan Manzanni 16:25-26).

Wani abu da ya taimake ni ƙwarai, gwada shi. Ɗauki Habakuk 3:17-18 inda annabin ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko babu 'ya'ya a kurangar inabi, ko zaitun ya ƙi, gonaki ba su ba da abinci ba, babu tumaki a garke babu shanu a turke, duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Sake rubuta shi da kayan gidanku. Ko masara ba ta yi ba bana don taki ya gagara, ko an kore mana shanu, ko ruwa ya cinye shagon kamar yadda ya yi wa mutanen Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ko albashi ya ƙare ranar 10 ga wata, duk da haka... sai ka ƙarasa da bakinka. Ranar farko wataƙila "duk da haka" ɗin zai maƙale a maƙogwaro, ba komai, karanta rabin farkon ka tsaya, gobe ka sake. Lura annabin bai rage ko ɗaya daga cikin asarar ba, ya lissafa su duka tukuna, sannan ya ɗora murnarsa a kan abin da ba a iya korewa ko ƙonewa. Bulus ya kira wannan hali da cewa muna baƙin ciki amma kullum muna farin ciki (2 Korintiyawa 6:10), duka biyun a zuciya ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ba munafunci ba ne.

Maganar wadar zuci da kuɗi kuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, komai ya bi ta. Wannan wahala ce ta gaske. Amma akwai wadda muke ƙara wa kanmu da hannunmu, ka sa data ka hau Facebook ko TikTok kana kallon bikin wane da motar wance har abincin da ke gabanka ya fita a ranka. In ka lura wani shafi kullum yana barinka da ƙunci, daina bin sa, ba gaba ba ce. 1 Timoti 6:8 ya ce in muna da abinci da sutura mu gamsu da su. Ankon da babu kuɗinsa a bar shi, ka je bikin da wankakken kayanka, Kirsimeti ba ta lalacewa don yara sun maimaita kayan bara, kuma ka guji bashin manhajojin waya masu ruwa da ke kiran duk lambobin da ke wayarka su ci maka mutunci. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mu da muka bar gidaje mun san gaskiyar wannan, muddin kana auna ɗakin hayar yau da gidan da aka ƙone ba za ka taɓa ganin rufin da ke kanka ba.

Kar kuma wani ya fassara wadar zuci da naɗe hannu. Bulus ɗin nan ɗinkin tanti yake yi yana ci da kansa, kuma da gari ya waye a Filibi aka ce a sake su a ɓoye ya ƙi, ya ce an doke su a fili ba shari'a alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu. Nemi aiki, shiga adashe, bi haƙƙinka na fansho, kai ƙara in an zalunce ka, yi zaɓe. Abin da ake cewa kawai kar salamarka ta zauna jiran ranar da waɗannan za su yi daidai.

Kar ka janye daga cikin mutane. Wahala na zuwa da kunya, mutum ya daina zuwa coci don ba shi da na baiko ko don kar a tambaye shi. Je haka nan, zauna a baya in ka ga dama, ranar da ba ka iya waƙa ba na kusa da kai zai yi ka ji. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi mu gane wannan, su ne za ka gani da kwanon abinci da itacen wuta a gidan da aka yi rashi tun kafin dattawa su gama shawara. Kuma ka ba da wani abu komai ƙanƙantarsa. Bulus ya ba da labarin ikilisiyoyin Makidoniya, Filibi na cikinsu, cewa cikin tsananin wahala da matsanancin talauci farin cikinsu ya yi ambaliya ya zama kyauta (2 Korintiyawa 8:1-2). A Yola na ga matar da ta raba mudun masarar da aka ba ta biyu ta miƙa wa wadda ta iso bayanmu, ranar ce na fara ganin ta yi dariya tun da muka zo. Wanda ya bayar yana tuna cewa shi mutum ne har yanzu, ba layin karɓar tallafi kawai ba.

Gafara ita ce mafi wuya kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa rana ɗaya ake yinta ba. Fara da abin da za ka iya, wato ka ajiye ramuwa a hannun Allah kamar yadda Romawa 12:19 ta ce, ko da zuciya ba ta huce ba tukuna, ka maimaita duk ranar da abin ya taso. Kuma kar ka bar ciwon ya sa ka yi wa al'umma guda kuɗin goro, Musulmi da yawa sun gudu tare da mu, an kashe nasu, kuma a Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa ya tsaya a gaban maharan. Ƙiyayya da farin ciki ba sa zama ɗaki ɗaya.

Akwai kuma addu'ar da amsarta ba ta zo yadda muka roƙa ba, dole mu faɗi wannan. Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka, ƙayar ta zauna. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, da Boko Haram suka kama shi a Janairun 2020, a bidiyon da masu garkuwar suka fitar ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba don kowane hali a hannun Allah yake, ya roƙi iyalinsa kar su yi kuka su gode wa Allah. Ikilisiya ta yi addu'a sosai, amma cikin watan nan aka kashe shi. Iyayen Leah Sharibu tun 19 ga Fabrairu 2018 da aka kwashe 'yan matan makarantar Dapchi har da ita suka shiga jira, haka wasu iyayen Chibok tun Afrilun 2014, wasunsu har sun rasu ba su ga 'ya'yansu ba. Duk koyarwar farin cikin da ba za a iya faɗinta a gaban waɗannan iyaye ba, ni ban yarda da ita ba. Abin da za a iya faɗi a gabansu shi ne Almasihu da kansa ya sha wuya, ya mutu, ya tashi, yana tare da su yanzu, kuma akwai ranar da zai share kowane hawaye (Ru'ya ta Yohanna 21:4).

Kai kuma da naka ya yi sauƙi a yanzu kake so ka taimaki wani, koyi da abokan Ayuba a kwana 7 na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki suna bayanin dalilin wahalarsa ne suka ɓata, har Allah ya tsawata masu a sura 42. Kar ka ce wa mai makoki ya daina kuka, kar ka ce na san yadda kake ji. Kuma kar ka ce in kina bukatar wani abu ki kira ni, ba za ta kira ba, duba da idonka ka ga abin da babu, gawayi ne, sabulu ne, kuɗin jarrabawar yaro ne, ka kawo. Makon farko gida cike yake da 'yan gaisuwa, ka sa alama a kalandarka ka koma bayan sati uku ko huɗu, lokacin da aka kwashe rumfa da kujeru kowa ya watse, da yamma wajen lokacin da marigayin ya saba dawowa gida.